Suna Linzami Ne, To Wa Ke Riƙe da Shi?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da ta zama yayi a wannan zamani, wadda in ba ta riga ta same ku ba, to, tana nan tafe. Ba za ku fita makaranta ba sai wani ya tare ɗayanku ya ce, "Kai ɗan wane gefe ne? Na hagu ne kai ko na dama? Ɗan ci-gaba ne kai ko ɗan mazan jiya? Gurguzu ka ke so ko jari-hujja?" Mai tambayan nan kuwa ba ya son dogon bayani, kalma guda ya ke nema don ya san aljihun da zai jefa ka. In ka ce sai ka yi tunani tukuna, ya ce kai matsoraci ne. In ka ce kana da ra'ayi nan, kana da ra'ayi can, ya ce kai jemage ne, ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin dabbobi. To, da wannan mai tambaya na ke jayayya yau. Abin da na tsaya a kai shi ne, sunayen nan sun yi wa hankalin ɗan Adam kaɗan, wanda duk ya yarda aka ɗinka masa ɗaya ya sa tun bai auna ba, ya ba da aron kansa ke nan.

Mutanen da sun ce suna linzami ne, kuma sun yi gaskiya. Amma ku lura da kyau, linzami a bakin doki ya ke, wanda ke juya shi kuwa yana bisa sirdi. Saboda haka duk sa'ad da aka miƙo muku wani suna na siyasa aka ce ku karɓa, abin da ya kamata ku fara dubawa shi ne hannun da zai riƙe linzamin bayan kun buɗe baki.

Bari mu fara da asalin sunayen, gama wanda ya san inda aka haifi abu ba ya cika jin tsoronsa. Maganar hagu da dama a ƙasar Faransa ta samo asali, cikin shekarar 1789, sa'ad da mutanen ƙasar suka tashi za su rage ikon sarkinsu. Da wakilai suka taru a majalisa ana gardama ko sarki zai iya hana dokar da majalisa ta yi, sai masu goyon bayan sarki suka riƙa taruwa a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa iko kuwa suka koma hannun hagu. Iyakar abin ke nan, zancen wurin zama ne. Da ɗakin ya zama an juya ƙofarsa wata fuska, ko da mutanen sun yi musayar benci, da yau wanda a ke kira na hagu shi ne na dama. Ashe yaron da ke tada jijiyar wuya a Zariya ko a Damagaram yana cewa shi na hagu ne, gadon kujerar wani Bafaranshe ya ke yi wanda ya mutu tun shekara ɗari biyu da suka wuce.

A Ingila kuwa abin ya fi haka ban dariya. Wajen shekarar 1680, da aka yi rigima a kan wanda zai gaji sarauta, sai ƙungiyoyi biyu suka shiga yi wa juna baƙar magana. Aka kira waɗansu Tori, watau sunan 'yan fashin ƙasar Ailan, aka kira waɗansu Wig, sunan da a ke yi wa waɗansu 'yan tawayen ƙasar Sikotlan ba'a da shi. Zagi ne tsantsa, amma da aka daɗe ana faɗi sai kowa ya rungumi nasa, har yau ɗin nan ana kiran 'yan jam'iyyar riƙau ta Ingila Tori. A cikin mutanen Rasha kuma, a wani taro da masu neman juyin mulki suka yi cikin 1903, wanda aka fara a Burusal aka ƙare a London, Lenin ya sha kaye a ƙuri'ar da aka jefa a kan wanda ya cancanci zama ɗan jam'iyya. Da waɗansu wakilai suka yi fushi suka fita, sai ya sami rinjaye a wata ƙuri'a, nan da nan mutanensa suka ɗauki sunan Bolshebik, watau masu yawa, suka bar wa abokan gardamarsu sunan Menshebik, watau marasa yawa. Sunan ya zauna daram, har a lokatan da su ne ba su da yawan. Kun ga, ɗaya daga benci, ɗaya daga zagi, ɗaya daga dabarar taro. Waɗannan ne za a ce su auna abin da ke zuciyarku?

Wani zai ce asali ba kome ba ne, abin da sunan ya ke nufi yau shi ne magana. To, me ya ke nufi yau? Kalmar da mu ke fassarawa da mai sassaucin ra'ayi, in ka faɗe ta a Amurka, ana nufin wanda ke son gwamnati ta sa hannu ƙwarai cikin tattalin arziki don ta taimaki marasa ƙarfi. In ka haye zuwa Ostareliya, jam'iyyar da ke ɗauke da wannan suna ita ce babbar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Mudun da ke cika a wannan kasuwa ya kasa a waccan, wane mai hankali zai yarda a auna masa hatsi da shi? Ku dubi kuma Bismak, babban wazirin Jamus, wanda ba a taɓa samun mai ƙin 'yan gurguzu kamarsa ba a zamaninsa. Cikin 1878 ya sa aka yi dokar da ta hana ƙungiyoyinsu da jaridunsu. Amma shi ɗin ne cikin 1883 ya kawo dokar da ta tanadar wa ma'aikata kuɗin jiyya in sun yi ciwo, cikin 1889 kuma ya kawo ta fansho ga tsofaffi. Ko da dabara ce ya yi don ya janye talakawa daga abokan gabansa, ma'aikacin da ya sami magani ya samu. Wanda ya tsaya ga sunan Bismak kaɗai ba zai taɓa tsammanin wannan aiki daga hannunsa ba.

Amma kada mu yi ta yawo a ƙasashen Turai alhali kuwa muna da misali a gida wanda ya fi duka. An saba koya muku cewa siyasar Nijeriya ta Arewa kafin mulkin kai gida biyu ce: ga NPC ta sarakuna da 'yan mazan jiya, ga NEPU ta talakawa da 'yan neman sawaba. An sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a gida na farko, an sa Malam Aminu Kano a na biyu, an rufe littafi. To, ku buɗe shi kuma. Mutanen nan biyu sun koyar a makarantar Midil ta Bauci tare, sun zauna a taron tattaunawa guda tare da Malam Sa'adu Zungur, kowanensu kuma ya je London ƙaro ilmin koyarwa. Wanda a ke kira ɗan sarakuna, watau Tafawa Ɓalewa, ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa ma'aikacin wani hakimi ne. Wanda a ke kira jagoran talakawa, watau Malam Aminu, daga babban gidan malamai da alƙalai na birnin Kano ya fito. Cikin watan Agusta na 1950, watan da aka kafa NEPU a Kano, wa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo shawara a binciki mulkin En'e a gyara shi, yana kukan cewa ba a jin muryar talaka? Tafawa Ɓalewa ne, wanda a ke ce wa ɗan mazan jiya. Wa kuma abokan gaba suka riƙa jifa da cewa ɗan gurguzu ne mai son rushe addini da al'ada? Malam Aminu, mutumin da ke zama yana yi wa jama'a tafsiri, wanda galibin hujjojinsa a kan zalunci daga littattafan malaman jihadi ya ke ɗebo su. Bayan zaɓen 1959 kuwa, da NCNC, abokiyar ƙawancen NEPU, ta haɗa gwamnati da NPC, sai ga Malam Aminu a majalisar Ikko yana zaune a gefen gwamnatin da Tafawa Ɓalewa ke shugabanta.

Kada ku ɗauka ina cewa babu bambanci tsakaninsu. Akwai, mai girma kuwa, har mutane sun sha ɗauri da bulala saboda shi. NEPU ta nemi a ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, NPC ta ƙi, matan kuwa ba su samu ba sai 1976, bayan 'yan'uwansu na Kudu sun daɗe suna yi. NEPU ta nemi a karya ikon sarakuna a kan kotu da 'yan doka da gidan yari, NPC ta ga a bi a hankali. Amma ku lura, duk wannan bambanci da na lissafa, a kan magana ɗaya ɗaya na lissafa shi: ƙuri'ar mata, kotun alƙali, gidan yari. Nan ne gaskiya ta ke. Wanda ya san waɗannan ya san mutanen ko bai taɓa jin sunan da aka laƙaba musu ba, wanda kuwa ya haddace sunan kaɗai bai san kome ba.

Ku biyo ni gaba kaɗan. Cikin 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci gwamna a Kano da Kaduna, watau Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare biyu, aka sami 'yan Santsi, su ne ke tare da gwamnonin, da 'yan Taɓo, su ne suka tsaya tare da Malam. Kowane gefe yana cewa shi ne na talakawa na gaskiya, shi ne ɗan ci-gaba, ɗayan ya sayar da akida. Da sunan ɗan ci-gaba yana iya faɗin abin da mutum zai yi, da ba a yi wannan rabuwa ba, gama dukansu suna ɗauke da shi. Abin da ya raba su tambaya ce ta aiki: da wa za a haɗa kai, yaya kuma za a zauna da gwamnatin tarayya ta NPN? Sunan bai da amsar wannan, don haka kowa ya ja shi wajensa kamar bargon da ya yi wa mutum biyu kaɗan.

Abin da ya fi duka tona asirin sunayen nan ya faru cikin watan Oktoba na 1989. Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ƙi yarda da ƙungiyoyi goma sha uku da suka nemi zama jam'iyyu, ta ƙirƙiro biyu da kanta. Ta ce ɗaya, SDP mai alamar doki, ta ɗan karkata hagu, ɗayar kuwa, NRC mai alamar mikiya, ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofinsu, ita ta gina musu ofisoshi, sa'an nan aka ce wa jama'a kowa ya shiga wadda ta dace da ra'ayinsa. Kun taɓa jin an fara ɗinka riga sa'an nan a nemo wanda za a haifa ya sa ta? Da zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya zo, wanda ya tsaya wa jam'iyyar hagu shi ne Mashudi Abiola, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar, wanda dā ɗan NPN ne. Ya kuwa kada Bashir Tofa har a jihar Kano, mahaifar Tofa ɗin. Mutanen da suka yi layi a rana ran nan, hagu da dama ba su dame su ba. Sun dubi mutum, sun dubi abokan tafiyarsa, sun dubi abin da su ke fata, suka zaɓa, ko da ya ke soja sun soke zaɓen daga baya. Cikin 2013 kuma, da aka kafa APC wadda ke da kalmar ci-gaba cikin sunanta, gwamnoni biyar na PDP suka koma cikinta rana ɗaya. Sun kwanta ba 'yan ci-gaba ba, sun tashi 'yan ci-gaba? Tun daga sa'an nan kuwa ana ta irin wannan ƙaura, waɗansu su shiga, waɗansu su fita, ta kowace fuska.

Kada ku ce wannan halin mutanenmu ne don ƙarancin ilmi. A Amurka ma, inda aka daɗe ana zaɓe, wani malamin jami'ar Mishigan mai suna Philip Converse ya buga sakamakon bincikensa cikin 1964. Ya tarar waɗanda ke auna siyasa da ma'aunin akida irin wannan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen da aka tambaya ba. Ya kuma tarar in aka yi wa mutum tambaya a kan wata manufa bana, aka komo bayan shekara biyu aka sake yi masa, sau da yawa amsar takan sāke, amma sunan jam'iyyar da ya ce shi nata ne yana nan bai motsa ba. Watau sunan ya fi kama da zanen fuska na kabila, wanda a kan gada, bisa ga ra'ayin da mutum ya zauna ya tace da kansa.

Dalilin da ya sa suna guda ba ya iya ɗaukar mutum ba boyayye ba ne. Al'amuran mulki suna da yawa, kuma ba igiya ɗaya ta ɗaure su ba. Ga manomi yana so gwamnati ta sayar masa da taki da araha, ta kuma gina asibiti kyauta, masu littafi su ce na hagu ne. Shi ɗin ne kuma ba ya son a taɓa sarautar garinsu ko al'adar aurensu, su ce na dama ne. Ga 'yar kasuwa tana so a rage haraji a sakar mata mara ta yi cinikinta, su ce ta dama ce. Ita ɗin ce kuma ta tura 'ya'yanta mata jami'a, tana so alƙali ya yi wa ɗan sarki da ɗan talaka hukunci ɗaya, su ce ta hagu ce. To, su wane ne suka rikice, mutanen nan ko masu rarraba su? Manomin ya san abin da ya ke so sarai, 'yar kasuwar ma haka. Aljihun ne bai da girman da zai ɗauke su.

Ɓarnar da sunayen nan ke yi wa ɗan makaranta iri uku ce. Ta fari, suna koya masa ƙyuya. Da ya ce shi ɗan kaza ne, ya huta da tunani, kowace magana ta taso sai ya leƙa ya ga abin da 'yan gidansu suka ce, ya maimaita kamar aku. Ta biyu, suna sa shi gaba da wanda bai taɓa saurara ba. Abokinsa na aji wanda suka yarda da juna a kan abu bakwai cikin goma ya zama abokin gaba, don an liƙa masa wata takarda a goshi. Ta uku, wadda ta fi muni, suna zama mayafin azzalumi. Mai neman kujera ya gane tuni cewa ya fi sauƙi ya ce shi na talakawa ne bisa ga ya gina rijiya, ya fi sauƙi ya ce shi mai kare al'ada ne bisa ga ya riƙe amanar baitulmali. In ya ci dukiyar jama'a aka tashi za a yi magana, sai ya ɗaga sunan, nan da nan waɗanda ya cuta su taso su kare shi, don a ganinsu nasu ne.

Na san abin da masu jayayya da ni za su ce, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Za su ce ba a cin kasuwa sai da suna, mai sayen hatsi ba ya iya kwance kowane buhu, dole ya dogara ga abin da aka rubuta a bayansa. Wannan magana tana da ƙarfi. Mutumin da ya wuni a gona ba shi da sukunin karanta manufofin kowane ɗan takara, sunan jam'iyya yana rage masa wahala. Amma ai ko a kasuwar Dawanau mai wayo ba ya biya sai ya soka buhu ya ga ƙwayar da ta fito, don ya san cinikin biri a sama ba ya ƙarewa da daɗi. Ku kuwa da aka ba ku karatu, ku ne masu soka buhun a madadin waɗanda ba su samu ba. In ku ma kuka tsaya ga rubutun bayan buhu, me karatunku ya ƙara wa garinku?

Za su kuma ce, wanda ya ƙi suna ya ƙi tsayawa ne, yana so ya ci tuwon kowane gida. Wannan kuwa ƙarya ce. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma abin da ta tsaya a kai sananne ne: a bar mata su yi zaɓe, a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina yi musu auren ƙuruciya. Tsayawa a kan magana bayyananniya irin wannan ya fi wuya bisa ga ɗaukar suna, gama suna ba ya jawo wa kowa bulala sai ranar da aka tambaye shi abin da ya ke nufi da shi. Ban hana ku shiga jam'iyya ba in kun isa, don ba a yin mulkin zaɓe sai da ita, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku shiga da idonku biyu, kuna sane da inda kuka yarda da ita da inda kuka saɓa, kuna kuma iya faɗa a gaban shugabanta.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku. Kafin ku kai shekara 18, lokacin da doka ta ba ku ƙuri'a, kowanenku ya sami takarda ya rubuta tambayoyin da suka shafi garinsu. Wa ya kamata ya biya kuɗin makaranta, uba ko gwamnati, kuma daga wane haraji? Wane iko ya kamata a bar wa sarki da hakimi? Yaya za a raba ƙasa tsakanin manomi da makiyayi? A shekara nawa ya kamata yarinya ta bar makaranta? Ya amsa kowace da dalilinta, ya kuma nemi wanda ya saɓa masa ya ji nasa dalilin, in ya fi nasa ƙarfi ya karɓa ba da jin kunya ba. Sa'an nan in ɗan takara ya zo yana kirarin shi na hagu ne ko na dama, ɗan ci-gaba ne ko mai riƙon gado, ku ce masa kun ji, ku miƙa masa takardar ya amsa, ku kuma tambayi abin da ya yi a kujerar da ya riƙe a baya, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai. In kuwa wani ya tare ku ya ce lalle sai kun faɗi gefenku da kalma guda, ku ce masa ya zaɓi maganar da ya ke so a yi, ta haraji ko ta makaranta ko ta kotu, ya sami wuri ya zauna, ku ba shi amsa dalla dalla.